Ɗafa-goshin ma- a Manhajar Hausa: Sharhi Daga Azuzuwan Arewacin Yobe

Ɗafa-goshin ma- yana cikin darussan ƙirar kalma da ake fara koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma yadda aka saba gabatar da shi yana bukatar gyara. Abin da littattafan aji suka fi yi shi ne su ce ma- tana nuna mai aikata wani aiki, su jero manomi, maɗinki da maƙeri, sannan su wuce. Wannan bayani gaskiya ne, amma kashi ɗaya ne kawai cikin uku. Illarsa ta fi fitowa a wurare irin su Yusufari da Nguru da Gashuwa, inda yara da yawa suke zuwa makaranta da Manganci ko Badanci ko Fulatanci a bakinsu, Hausa kuwa a kasuwa da wurin wasa suka tsince ta.

Nahawun Paul Newman na shekarar 2000 ya fayyace ayyuka uku na wannan ɗafi: mai aiki, wurin aiki, da abin yin aiki. Ɗinka ta ba da maɗinki, karanta ta ba da makaranta, buɗe ta ba da mabuɗi. Abin da ke raba su shi ne wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma a nan ne matsalar take, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti. Dubi kalmar ma'aikata. Idan aka furta dukkan gaɓoɓinta da karin sama, ana nufin wurin aiki. Idan gaɓoɓi biyu na tsakiya suka sauka ƙasa, ana nufin mutanen da ke aikin. Haka mahauta, marina, majema da maƙera suke, har ma da makaranta kanta, wadda kan iya zama jam'in makaranci. Bahaushe ɗan gado yana warware wannan da kunne ba tare da ya lura ba. Yaron da Hausa ta zame masa harshe na biyu, idan ya ga kalmar a takardar jarrabawa, ba shi da wannan gata.

Alhali kuwa rubutu bai bar shi haka kawai ba, akwai alamar da malami zai iya nuna masa. Ana cewa mahautar Nguru ta cika, amma mahautan Nguru sun taru. Harafin liƙi na -r ko -n, da wakilin sunan da ya biyo baya, su ne suke tona jinsi da adadi, daga nan ma'ana ta fito. Darasin jinsi da darasin ɗafi a babi daban-daban ake ajiye su, ga shi kuwa a wannan gaɓa junansu suke bukata. A ganina wannan shi ne babban giɓin manhajar. Akwai kuma gajerun siffofi da ba a cika ambata ba, duk da yawansu a magana: mafi daga fi, maras da marasa daga rasa, da magatakarda, wato mai ganin takarda.

Sai batun kwatanci da wasu harsuna, wanda malamai ke sha'awa, kuma yana da amfani muddin an tantance. Tun littafin Joseph Greenberg na 1963 a kan rabe-raben harsunan Afirka masana suka karɓi cewa Hausa da sauran harsunan Cadi, ciki har da Badanci da Ngizimanci, dangin Larabci ne na nesa. Don haka kamar da ke tsakanin mabuɗi da miftah, ko tsakanin makaranta da madrasa, gado ne na asali ɗaya. A Larabci ma ɗafin da ke farawa da m yana gina sunan wuri kamar maktab, da na kayan aiki, da na mai aiki kamar mu'allim, wadda ta zama malam a bakinmu. Ɗalibin da ya yi karatun allo zai kama wannan nan take. Abin burgewa shi ne masallaci: saiwar daga salla ta Larabci take, amma ginin na Hausa ne, domin Balarabe masjid yake cewa.

Ma- ta Swahili kuwa, kamar a tunda da matunda, ko jina da majina, alamar jam'i ce, kuma ba ta da wata dangantaka da tamu in ban da kamar sauti. Shigar da ita cikin darasi ruɗu kawai zai ƙara. Haka nan ya kamata a gargaɗi ɗalibai game da mace, mage, madara da mangwaro, waɗanda ma ɗinsu cikin saiwa take.

Kwatancin da ya fi kusa da yaron Yusufari shi ne wanda manhaja ba ta tanada ba. Barebarci ba dangin Hausa ba ne, cikin harsunan Sahara yake, amma yana da -ma mai nuna mai abu ko mai aiki, sai dai a ƙeya take zama. Cida aiki ne, cidama ma'aikaci, jam'insa cidawu. Ita ce a ƙarshen sarautun da Hausa ta aro daga Barno, irin su Ciroma da Yarima da Galadima, kuma Nguru ce ta zama mazaunin Galadiman Barno a ƙarni na 17. Wuri kuma da -ri ake nuna shi, kamar a unguwannin Shehuri da Hausari na Maiduguri, da sunan Yusufari kansa. Ke nan aikin da Hausa ta ɗora wa ɗafi ɗaya a goshi, Barebarci ya raba shi ga ɗafe-ɗafe daban-daban a ƙeya. Malamin da ya rubuta cidama da ma'aikaci gefe da gefe a allo ya koyar da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya a zama ɗaya, da misalin da yaro ya zo da shi daga gida. Abin kiyayewa kawai, kada ya ce musu asalinsu ɗaya.

Ga azuzuwan Gashuwa kuwa kayan aiki na nan. Aikin binciken harsunan Yobe da Russell Schuh ya jagoranta tare da masana 'yan jihar ya fitar da ƙamusoshin Badanci masu fassarar Hausa da Ingilishi a 2004. Masu tsara jagoran malami za su iya tsamo sunayen sana'o'i da na kayan noma da na su daga ciki, a jera su kusa da na Hausa, a bar ɗalibai su gano da kansu inda harsunan biyu suka haɗu da inda suka rabu.