Wanda Ruwa Ya Ci Da Wanda Ya Ci Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ban musa ba. Amma akwai wanda ya ci bashi ya yi ƙiba, akwai kuma wanda bashin ya cinye shi har ƙashi, kuma abin da ya dame ni shi ne yadda muka tara su cikin kwando ɗaya muka kira su maciya amana.

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya. Tsarin a takarda gwanin kyau. Manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, a ba su iri da taki da maganin feshi da injin ban-ruwa da ɗan kuɗin ƙwadago, kuɗin ruwa kashi 9 cikin ɗari, idan an yi girbi su biya da shanshera. Ba zan yi butulci ba, fadamar Gulbin Rima ta motsa. Injinan Labana sun yi ta casa a Birnin Kebbi, an buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017, har mutanen Legas suka ci shinkafarmu da sunan Lake Rice.

To, sai ga damunar 2020. Duk wanda ya bi hanyar Argungu a watan Satumba na shekarar ya ga abin da na gani, gona da gulbi sun zama abu guda. Ɗan kawuna yana da gona a wani ƙauye kusa da Argungu, shinkafarsa ta fara fitar da kai, cikin dare ɗaya ruwa ya shafe ta. Da na je yi masa jaje, ya dube ni ya ce, "Yaya, ruwa sun canye gona, amma ba su canye takarda ba."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Domin ƙungiya ce ta tsaya wa kowa, in mutum ɗaya ya kasa, sauran ne za su sha matsi, ga shi kuma masallaci ɗaya suke sallah. Kunya ta hana shi barci. Ya sayar da babur, ya sayar da tumaki biyu, bai kai ba. Sai ya nufi wani ɗan kasuwa ya karɓi ba-da-kaka, wato kuɗi a hannu yau, buhuna a masussuka gobe, a farashin da mai kuɗin ya ga dama. Ka ji fa, ya fito daga bashin kashi 9 ya faɗa wanda in ka yi lissafi ya kusa ninki. Daga baya na gane cewa a cikin takardar da ya dangwala wa yatsa akwai maganar inshora, amma wanda ya kawo takardar bai karanta masa ba, shi kuma bai san ana kai rahoton ambaliya ba.

A unguwarmu kuwa akwai wani, ba zan kama suna ba, wanda tun da nake ban taɓa ganin laka a ƙafarsa ba. Manomin biro ne. Sunansa ya shiga jerin, ya karɓi taki ya karyar a bakin kasuwa, ya ƙara aure. In ka yi masa maganar biya sai ya yi dariya, wai rabonsa ne na gwamnati. Kuma ba shi kaɗai ba ne, mu ma da muka ci shinkafar bikin ba mu ce masa kanzil ba.

A Janairun 2022 an jera dalar shinkafa a Abuja aka yi ta ɗaukar hoto. Shekara ɗaya bayan haka Asusun IMF ya ce kashi 24 cikin ɗari kacal na bashin aka biya, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne na wanda lokacinsa ya yi, cikin sama da naira tiriliyan 1 da aka raba a ƙasa duka. Ko wanne ka ɗauka, lissafin bai gaya maka nawa ne na ruwa, nawa ne na biro ba. A nan nake ganin babban laifin masu shirin, sun iya ƙirga buhu, ba su zauna sun rarrabe mutane ba.

Shin ina ƙofar da mai gaskiya zai bi idan ya karye? Akwai dokar karayar arziki ta 1979, amma sai da lauya, sai Babbar Kotun Tarayya, manomin Augie ko Suru ina ya gan ta? Alhali kuwa addininmu ya riga ya shata hanya. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta yi umarnin a saurara wa mai ƙunci har ya samu, aya ta 282 da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, sannan waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas masu cin zakka. Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, amma ni dai ban taɓa jin attajirin da ya ce a nemo masa manomin da ambaliya ta karya ya biya masa daga zakkarsa ba. Sai dai a raba ɗari biyar-biyar a ƙofar gida, a tara almajirai ana kirari.

Mahaifina ya sha ba mu labarin zamanin En'e, yadda haraji ke zuwa da kaka, wanda gonarsa ba ta yi ba ya ci bashi ya biya, ko ya sulale da asuba ya tafi ci-rani kudu. Muna yara muna jinsa kamar tatsuniya. Ɗan kawuna yanzu yana Legas yana tura baro a kasuwa. Gonar tana hannun ɗan kasuwar nan a matsayin jingina, kuma bana ma shi ya noma ta.