3.4 Kari da Matsayin Mawallafi a Waƙoƙin Kirista na Yankin Dandume

Waƙoƙin da ake rerawa da Hausa a majami'un yankin Dandume, Funtuwa da Malumfashi sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda aka fassaro daga Turanci aka tara a Littafin Waƙoƙi, akwai kuma waɗanda masu bi suka ƙaga da bakinsu. Wannan sashe zai duba yadda kowane kashi ya yi da harshen Hausa, da kuma matsayin wanda ya tsara waƙar.

Kashi na farko ya samo asali ne daga aikin 'yan mishan. Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a Zariya a 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. A wannan zamani ne aka dage wajen mayar da waƙoƙin Ingila da Amurka zuwa Hausa. Mawallafan asali sanannu ne, an kuma rubuta tarihinsu. Charles Wesley, wanda ya rasu a 1788, ya tsara waƙoƙi fiye da 6,000. John Newton ya yi fataucin bayi a teku kafin ya tuba ya zama limamin coci. Fanny Crosby, wadda ta rayu daga 1820 zuwa 1915, ta makance tun tana jaririya, amma ta bar waƙoƙi kusan 8,000. Sanin irin wannan tarihi yana taimaka wa manazarci ya gane dalilin da ya sa jigon tuba ya yi ƙarfi a wurin Newton.

Ta fuskar jigo, fassararrun waƙoƙin nan ba su da makusa sosai. Kowane baiti yana ɗauke da saƙo, na biyu ya ɗora a kan na farko, har a kai ƙarshe. Matsalarsu tana wurin kari. Karin waƙar Turanci ya ginu ne a kan ƙidayar gaɓoɓi da kuma gaɓar da ake dannawa. Na rubutacciyar waƙar Hausa kuwa ya ginu a kan nauyin gaɓa, wato mai nauyi da marar nauyi. Mai fassara ya tarar da muryar waƙa a shirye, ba shi da ikon sauya ta, don haka abin da ya fi kula da shi shi ne yawan gaɓoɓin ɗango ya yi daidai da na Turanci. A nan ne ake samun gajeren wasali ya faɗa inda murya take ja, dogo kuma ya faɗa inda take sauri. A Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsawon wasali yana cikin abin da ya raba gari na zama da gari na tuwo, karin sauti kuma shi ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Gaskiya ne mawaƙan baka ma sukan lanƙwasa kalma, amma su suna yi ne da gangan don gyara zaƙin murya. A fassara kuwa tilas ce ta kawo shi. Haka kuma amsa-amo yakan ɓace, alhali shi ne abin da kunnen Bahaushe yake fara nema a rubutacciyar waƙa.

Kashi na biyu ya fi kusa da rayuwar mutanen yankin. Da yawa daga cikin Kiristocin karkarar kudancin Katsina sun fito ne daga gidajen Maguzawa, manoman dawa da masara da auduga, waɗanda suka saba da waƙar noma da ta daɓe. Waƙoƙin Zumuntar Mata da na ƙungiyoyin Sabon Rai sun bi wannan turba: jagora ta bayar, 'yan amshi su karɓa, ana buga tulu da ganga ana tafi. Da yake murya da kalmomi tare aka haife su, ba a cika jin kalma ta karye ba. Rauninsu shi ne gajarta. Sau da yawa ɗango biyu ko uku ne ake ta maimaitawa, saƙon bai yi nisa ba. Mawaƙan zamani irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange, waɗanda ake jin waƙoƙinsu a rediyo da wayar hannu, sun ƙara kayan kiɗan Turawa, amma su ma sun riƙe gajeren amshi.

Abin da ya haɗa kashin biyu shi ne ɓacewar mai waƙa. A al'adar marubuta waƙoƙin Hausa, sha'iri yakan faɗi sunansa a baitocin ƙarshe, wani lokaci har ya kawo ramzin shekara. Shi ya sa za a iya jera Crosby da Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda shi ma makaho ne, a auna yadda lalura ta shafi fasahar kowannensu. A majami'a kuwa da lamba ake kiran waƙa. Mai rerawa ya san lambar, bai san Baturen da ya tsara ta ba, balle Bahaushen da ya taya ɗan mishan zaɓen kalmomi. Ita ma matar da ta ƙaga waƙa a ƙauye, da zarar an kai waƙar taron gunduma ta zama ta kowa. Wani zai ce tawali'u ne, tunda yabon Ubangiji ake yi. Sai dai ikilisiyoyin Ingila da Amurka ba su ɗauki ambaton mawallafi a matsayin girman kai ba.

A 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, Bishop na farko. ECWA kuwa tun 1954 take tsaye da ƙafarta. Duka biyu suna da tsarin da zai iya ɗaukar aikin rubuta waƙoƙin kashi na biyu, kowace da sunan mai ita da garinsa da shekarar da aka fara rera ta, tun tsofaffin da suka san asalinsu suna raye.