Maita, Gona da Kiran Suna: Sharhi kan Wasan The Crucible

 Wasan da muka ɗauko yau baƙo ne. Sunansa The Crucible, Ba'amurke Arthur Miller ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a birnin New York cikin Janairun 1953.

Abin da aka gina wasan a kai ya faru da gaske. A 1692, a ƙauyen Salem na yankin Massachusetts, inda Kiristoci masu tsananin riƙo da ake kira Furitan suka zauna bayan sun baro Ingila, wasu 'yan mata suka fara faɗuwa suna ihu suna birgima, wai ana mintsininsu. Aka ce maita ce. Kafin shekarar ta fita an rataye mutum 19, an danne wani dattijo da duwatsu har ya cika, an tsare fiye da 150.

A aji, abin da malami zai fara gaya wa ɗalibi shi ne Miller da zamaninsa yake. Haka ne. Lokacin ana farautar 'yan kwaminis a Amurka, ana kiran mutum gaban kwamitin majalisa a ce ya lissafa abokansa. Amininsa Elia Kazan ya lissafa a 1952. Miller kuwa da aka kira shi a 1956 ya ƙi, aka same shi da laifin raina majalisa, sai a 1958 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Mai shirin jarrabawa ya riƙe wannan da kyau. Amma ɗan Funtua ko Malumfashi, ɗan Bakori, Danja ko Ƙafur, yana da wata ƙofar shiga wasan nan wadda ɗalibin birni ba shi da ita, domin daga farkonsa har ƙarshensa wasan manoma ne.

Ku dubi kashi na biyu. John Proctor ya shigo gida da dare daga shuka. Ya ɗanɗana miyar da ke kan wuta, ya ƙara mata gishiri a ɓoye, da matarsa Elizabeth ta zuba masa kuma ya yaba da yadda ta ji gishiri. Yana ce mata in damina ta yi kyau zai saya mata karsana. Daga wannan gishirin kaɗai mai kallo ya san akwai abin da ya shiga tsakanin miji da mata, kowa na lallaɓa kowa.

Sannan ku saurari abin da manyan ƙauyen ke faɗa a kai tun kafin a kama kowa. Fasto Parris yana ƙorafin ba a kawo masa itacen wuta ba, yana kuma neman a mallaka masa takardar gidan da yake ciki. Attajirin ƙauyen, Thomas Putnam, yana jayayya da Proctor kan wani yankin daji, wai yana cikin wasiyyar kakansa. Wani ya sayi alade wurin matar Giles Corey, aladen ya mutu, ya riƙe abin a zuciya shekaru, ranar da kasuwar zargi ta buɗe ya ce mayya ce. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa da bazara, ana rantse-rantse kan kunya ɗaya da wani ya ci, ko kan tushen gamba da aka tuge daga iyaka cikin dare, ya san mutanen nan. A ƙasar da auduga da masara da waken suya suka sa gona ta yi tsada, rigimar gado ba ta mutuwa, sai dai ta kwanta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Ann, matar Putnam. Haihuwa takwas, bakwai ta binne su tun suna jarirai. Mai wabi ke nan. Ba muguwa ba ce tun asali, uwa ce da ke son a gaya mata dalili. Ta fara da ungozomar da ta karɓi haihuwarta, ta ƙare kan Rebecca Nurse, tsohuwa mai 'ya'ya 11 da jikoki 26, wadda ba ta da laifin da ya wuce nata sun rayu. Mu ma mun san yadda ake yi. Yaro na cikin zafin zazzaɓi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwar maƙwabciya, sai a ce ta kama kurwarsa. A taru, a jawo ta, a ce ta tsallaka shi. In ya tashi, an ce ta saki. In ya rasu, an ce ta cinye. Ta ina za ta fita? Alhali a nan Malumfashi aka yi wani babban aikin binciken cututtuka cikin shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Liverpool suka bi ƙauyuka suna nazarin zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da saran maciji. Zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa yana sa jijjiga da sambatu, sanƙarau yana sanƙarar da wuya. Sunan da yaro ya kira a wannan hali, sunan wadda ya saba gani ne kawai.

Inda Miller ya nuna gwanintarsa shi ne kotu. Mataimakin gwamna Danforth, wanda ke jagorantar shari'ar, ba mahaukaci ba ne, ba kuma ɗan cin hanci ba. Lissafinsa a tsare yake: maita laifi ne da ido ba ya gani, maye ba zai kai ƙarar kansa ba, saboda haka shaida ɗaya ta rage, wanda ya ce maye ya kama shi. Daga nan komai ya juye. Wanda ya amsa laifi ya tsira da ransa, wanda ya ce bai yi ba a rataye shi. Amsawar kuma ba ta cika sai ka faɗi wa ka gani tare da Shaiɗan. Baiwa Tituba, da ta ga bulala da igiya, ta fara kiran suna, kuma da matalautan ƙauyen ta fara. Mutum 91 suka sa hannu a takarda cewa sun san Rebecca da sauran matan da mutunci, Danforth ya ce a kamo su duka a bincika. Giles Corey ya ce Putnam na amfani da 'yarsa ne don a rataye maƙwabci ya saye gonarsa, aka ce ya faɗi wanda ya gaya masa, ya ƙi. Shi ne aka danne da duwatsu. Ya ƙi cewa na yi, ya ƙi cewa ban yi ba, don kada gonarsa ta kuɓuce wa 'ya'yansa. Zuwa kashi na huɗu shanu na yawo a hanya babu mai su, amfanin gona na ruɓewa, marayu na bin gidaje.

To, na san inda hankalin mai sauraro a Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume ya riga ya tafi: infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoto. A nan sai an taka a hankali. Tun wasan na sabo masu suka suka ce wa Miller kwatancensa ya karkace, domin babu mayu a Salem amma akwai 'yan kwaminis a Amurka. Mu ma haka. Infoma akwai su. Wanda aka ɗauke masa iyali cikin dare, ko wanda ɗansa ke cikin ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020, ba za ka ce masa tsoronsa tatsuniya ne ba. Sai dai ni a ganina wannan bai rage wa wasan ƙarfi ba, ya ƙara masa ne. In har ƙauye zai iya hallaka mutum 20 kan abin da babu shi, yaya ke nan in abin akwai shi, kuma kalma ɗaya a kunnen 'yan sa-kai ta isa? Mai bin bashi, abokin takarar sarauta, ɗan'uban da ke hangen fadama, duk an ba su makami. Tambayoyin Salem su ne namu: wa ya gani, me ya gani, a gaban wa ya faɗa, kuma wa zai ci gonar in an kawar da mai ita? Maganar maita kuwa, dokar finalkod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta riga ta mai da kiran mutum maye laifi, ko da yake mutane ƙalilan ne suka san haka.

Inda nake da ja da Miller shi ne Abigail, jagorar 'yan matan da ke zargin mutane da maita. A tarihi yarinya ce 'yar shekara 11, Proctor kuwa ya kai wajen 60. Marubucin ya mai da ita 'yar 17, ya rage wa Proctor shekaru, ya ƙulla lalata tsakaninsu, sai bala'in ƙauye guda ya zama kishin budurwa. Wasa ya yi daɗi, amma an sauke wa dattawa kaya an ɗora wa yarinya. Mu da muka ji labarin aljana Sumbuka a makarantun 'yan mata na Kano a tsakiyar shekarun 1990 mun san 'yan mata kan faɗi a jere ba tare da wata ta shirya makirci ba. Abin dubawa shi ne me manya suka yi da faɗuwar.

Wasan zai hau dandali a nan? Ƙwarai kuwa. Tun ƙarshen shekarun 1970 masu wasan kwaikwayo na jami'ar Zariya suka kai wasa garin Maska, suka yi shi da Hausa a gaban manoma. Da ni ne mai shiryawa, kashi na uku zan ɗauka. Proctor ya tona asirin kansa a kotu don ya karya Abigail, ya kuma rantse matarsa ba ta taɓa ƙarya ba. A shigo da Elizabeth, a hana ta kallon mijinta, a tambaye ta ko ya taɓa neman yarinyar. Ba ta san ya riga ya faɗa ba, sai ta rufa masa asiri ta ce a'a. Danforth ya ɗauki wannan hujjar cewa Proctor maƙaryaci ne. Ina tabbatar muku matan da ke zaune a filin nan za su ce abin da ya kamace ta ta yi, maza kuma za su rabu biyu, a kai magariba ana musu.