Matafiyin da Bai Isa Ba: Waiwaye kan Littafin Bawa Yamba

Na sake ɗauko littafin C. Bawa Yamba, Permanent Pilgrims, wanda ya fito a 1995, bayan faɗan da aka yi kan filaye tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Bulu Nayil ta Sudan a 2022, inda ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. Karatun farko ya burge ni. Na biyu kuwa tambaya ya bar mini.

Abin da Yamba ya gano a ƙauyukan Hausawa na Jazira, kewayen Wad Madani, shi ne mutane da suka yi shekaru aru-aru suna noman auduga amma ba su yarda sun zauna ba. Kakan ya baro Kano ko Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya yin ƙwadago. Jikansa da aka haifa a nan shi ma cewa yake yana kan hanya. Tarihin tsoho ne: bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, kuma da aka buɗe madatsar ruwan Sinnar a 1925 gonakin Jazira suka buƙaci hannaye.

Yamba ya yi adalci wajen ɗaukar wannan niyya da muhimmanci, bai mai da ita mafarkin talaka ba. A ganina ma ya nuna, ko da bai faɗa da bakin likita ba, cewa niyyar garkuwa ce ga hankali. Wanda ya ɗauki kansa alhaji a kan hanya, wulaƙancin masauki ba ya cin ransa sosai, tunda gobe zai wuce.

Inda nake da ja shi ne batun jikoki. Masu nazarin taɓin hankali sun daɗe suna kwatanta baƙo da ɗan ƙasa. Tun 1932 likitan Norway Odegaard ya lura cewa 'yan ƙasarsu da suka yi ƙaura zuwa Minnesota a Amurka sun fi waɗanda suka zauna gida shiga asibitin mahaukata. Daga baya a Ingila aka ga abin da ya fi ɗaure kai: 'ya'yan baƙaƙen fata 'yan Karibiyan da aka haifa a can, haɗarin bai ragu a kansu ba, alhali ba su taɓa yin ƙaura ba. Ke nan ba wahalar hanya kaɗai ke taɓa mutum ba, har da zama a inda kullum ake nuna maka ba naka ba ne.

To, saurayin da aka haifa a Damazin, Larabci a bakinsa, bai san Katsina ba sai a labari, amma ana ce masa Fallata ana tambayarsa takardar asali, baƙo ne ko ɗan ƙasa? Shin niyyar Makka ta kakansa tana yi masa maganin baƙin ciki, ko kuwa ita ce hujjar masu cewa ai dama wucewa yake? Littafin ya fi jin daɗin sauraron dattawa da malamai, kuma na so a ce ya matsa a nan.

A Disamban 2023 dakarun RSF suka shiga Wad Madani, mutanen ƙauyukan da Yamba ya rubuta a kansu suka sake ɗaure kaya, wannan karon ba don Makka ba.