Taɓin Hankali Da Aure A Littattafanmu Na Soyayya

Tun lokacin da muhawara ta kaure a shafukan jaridu cikin shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, marubutanmu suke kare kansu da hujja guda, wato cewa su madubin al'umma ne, abin da suka gani shi suke rubutawa. Mun yarda da wannan hujja a wurare da dama. Auren dole da kishi da zawarci da zaluncin uwar miji, duk an baje su a faifai, kuma an yi tasiri. Amma akwai wani lungu na zaman aure da madubin nan ya ƙi haskawa, in ma ya haska sai ya nuna hoton a karkace. Wannan lungu shi ne halin da iyali kan shiga idan maganar aure ta taso, alhali ɗaya daga cikin masoyan yana fama da taɓin hankali.

Mu da muke koyarwa a makarantun sakandare na yankin Birnin Kudu da Gwaram muna ganin al'amarin ta fuska biyu. Muna karanta labaran da ɗalibanmu ke karantawa, da waɗanda matasa masu sha'awar rubutu ke kawo mana mu duba musu. Sannan mu ne dai akan kira zaure a matsayin baffanni ko kawunnai idan za a yanke shawarar aure. Tazarar da ke tsakanin abin da muke karantawa da abin da muke ji a zaure ita ta sa muka ga ya dace mu yi wannan tsokaci, bisa fahimtar cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yadda ake amfani da hauka a labari

Idan muka duba da kyau, za mu ga hanyoyi uku ne marubutanmu suka fi bi. Ta farko ita ce mayar da hauka bulala. Muguwar kishiya da ta yi ta bin bokaye, ko azzalumin Alhaji da ya ci amanar marayu, a babi na ƙarshe sai a same su a bola suna tsince-tsince, yara na binsu da jifa. Marubuci ya huce, mai karatu ya ce Allah Ya ƙara. Abin da ba a lura da shi ba shi ne darasin da aka cusa wa yarinya 'yar aji uku, cewa duk wanda ta gani ya taɓu to alhaki ne ke bibiyarsa. Da wane ido za ta kalli yayanta ranar da ya kwanta wannan ciwo?

Hanya ta biyu ita ce mayar da ciwon ƙofar fita. Marubuci ya aurar da jaruminsa ga wadda ba ya so, labari ya cije, ya rasa yadda zai kai shi ga masoyiyarsa ta asali ba tare da ya ɓata masa suna ba. Sai kawai matar ta haukace a shafi guda, a kai ta Dawanau a shafi na biyu, a ɗaura sabon aure a shafi na uku. Ba a sake jin ɗuriyarta, kuma babu wanda ya tambayi wanda ke biyan kuɗin maganinta ko inda 'ya'yanta suka kwana.

Ta uku kuwa ita ce ɗora komai a kan sammu da iskoki. Wannan tana da tsohon tushe. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, asirin da Abubakar ya nemo don rama ƙwace masa Zainabu shi ne ya lalata rayuwar ɗan da ta haifa wa Malam Shehu. A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, aljana ce ta shiga tsakanin ma'aurata. Waɗannan littattafai ba mu zarge su da komai, domin ba ciwo suka sa gaba ba, kuma sun yi abin da suka yi niyya. Laifin na masu kwaikwayo ne, waɗanda suka mayar da wannan salo amsar kowace irin taɓuwa, ta yadda da an tone layar da aka binne a bakin ƙofa sai mara lafiya ya yi atishawa ya miƙe garau.

Haka kuma a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Sumayya ta faɗa rijiya saboda an hana ta wanda take so. Marubucin auren dole yake yaƙa, kuma saƙonsa ya isa inda aka aike shi. Sai dai waɗanda suka biyo sawunsa da yawa sun ɗauki ƙin cin abinci da kulle kai a ɗaki da neman halaka kai a matsayin ma'aunin zurfin soyayya, alhali a wurin masana lafiya waɗannan alamu ne na ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke bukatar a gaggauta nema wa mai shi taimako.

Wadda ta fi kusantar tambayar da muke nufi ita ce Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990. Bayan gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu ya koma abin tausayi, sai aka matsa wa Rabi, wadda ya kora da 'ya'yanta, ta koma gare shi. Ko da yake nan ma faɗuwar tasa sakayya ce, marubuciyar ta bar mai karatu da tambaya mai nauyi: idan namiji ya karye, wa ake ɗora wa jinyarsa, kuma an tambaye ta ko tana so?

Abin da ke faruwa a zaure

A garuruwanmu, daga Birnin Kudu zuwa Sara da Basirka da Farin Dutse, ba a ɗaura aure sai an yi binciken asali, kuma cikin abubuwan da ake tambaya akwai ko ana hauka a dangi. Saboda tsoron wannan tambaya iyaye kan ɓoye. Yarinya ta taɓa kwanciya shekara biyu da suka wuce, an yi magani ta samu sauƙi, tana shan ƙwayoyinta a ɓoye. Da aka kawo kuɗin gaisuwa sai uwa ta ce ta daina sha, kada a gani a ɗakin miji. Bayan wata huɗu ciwo ya dawo, dangin miji su ce an yaudare su, a sako ta da ƙaramin ciki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wadda ta faɗa ramin ba ita ta haƙa shi ba.

A ɓangaren maza kuma akwai tsohuwar magana, wai a yi masa aure zai natsu. Saurayi ya fara magana shi kaɗai, ya daina barci, yana zargin ana sa masa guba a tuwo, sai a nemo 'yar ƙanen uba mai haƙuri a ɗaura, ba tare da an gaya mata komai ba. An mayar da yarinyar mutane magani, kuma aure bai taɓa zama madadin asibiti ba.

Akwai kuma na uku, wato ciwon da ke zuwa bayan an yi aure lafiya lau. Likitoci sun tabbatar cewa mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace dubu da suka haihu kan samu rikicewar hankali a makonnin farko na jego, kuma mafi yawansu suna warkewa in an kai su asibiti da wuri. Mijin da wannan ya faɗa wa yana tsakanin uwarsa da ke cewa ya rabu da ita, da jaririn da ke kuka, da kuɗin mota. Mutumin Gwaram da aka tura asibitin masu taɓin hankali na Kazaure sai ya ratsa Birnin Kudu da Wudil da Kano kafin ya isa, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. Duk marubucin da ke neman rikici mai riƙe mai karatu, ga shi nan a ƙofar gidansa, bai bukatar ya aro attajirin Abuja mai jirgin sama.

Abin da malamanmu suka riga suka faɗa

Abin mamaki shi ne littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun fi littattafan hikayarmu zurfafa tunani kan wannan batu. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halilu sun lissafa hauka cikin aibobin da ke ba ɗayan ma'aurata zaɓin warware aure, tare da kuturta da albaras da ciwon da ke hana saduwa. Amma a mazhabar Malikiyya zaɓin yana da sharaɗi, wato ya kasance mutum bai san da aibin ba kafin ɗaurin aure, kuma bai nuna yarda ba bayan ya sani. Ma'ana, wanda aka gaya wa gaskiya ya ce ya ji ya gani, aurensa ya tsaya da ƙafafunsa. Bugu da ƙari, idan ana sa ran warkewa akan jinkirta shekara guda domin a nemi magani kafin a raba. Idan kuma ciwon ya samu miji bayan aure, matar tana da haƙƙin kai ƙara gaban alƙali.

Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin malamai ne da alƙalai. Abin da muke so marubuci ya gani shi ne hukuncin ya ginu a kan sani da yarda da kuma ba da lokaci, kuma kowanne daga cikinsu zai iya ɗaukar littafi guda. Ku ɗauki wannan shekara ɗaya ta jinkiri kawai: mace tana jiran miji, damina ta wuce, kaka ta zo, wani tsohon manemi ya fara aike, magani ya fara aiki amma ya sa mijin yawan barci da nauyin jiki. Wane marubucinmu ne ya taɓa zama ya rubuta waɗannan watanni goma sha biyu?

Abin da ya kamata marubuci ya sani

Kalmar hauka buhu ce da muke zuba cututtuka daban-daban a ciki. Akwai ciwon damuwa. Akwai wanda ke sa mutum ya yi makonni cikin zumuɗi da ɓarnar kuɗi da rashin barci, sannan ya faɗa baƙin ciki. Akwai mai sa jin muryoyi da zargin mutane, wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana samun kusan mutum ɗaya cikin 300. Akwai rikicewar da shaye-shaye ke jawowa. Farfaɗiya kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ce ta daban, ko da yake mutanenmu kan haɗa su. Game da gado, wanda shi ne babban abin tsoro a wajen bincike, ɗan da ɗaya daga iyayensa ke da sikizofiriniya yana da haɗarin kusan ɗaya cikin goma. Haɗari ne da ya kamata a faɗa, amma tara cikin goman nan su ma a faɗe su.

Ya kamata kuma mu san cewa ƙasar nan tana da abin alfahari a wannan fanni. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, domin ya fahimci cewa dangi rabin magani ne. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince da haƙƙoƙin masu wannan lalura. Doka ta matsa gaba, amma littattafanmu suna nan a zamanin turu da mari.

A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da nau'in jinin da ke haifar da sikila. Waɗannan duk kwalbar jini na iya tona su. Taɓin hankali ba ya fitowa a kwalba, sai dai a bakin mai gaskiya. Mutane kuwa ba za su faɗi gaskiya ba muddin sun tabbata faɗarta na nufin rasa aure har abada. A nan ne aikin marubuci yake, domin shi ne ke iya nuna wa al'umma cewa ana iya faɗa kuma a rayu.

Amsa ga masu cewa labari ba asibiti ba ne

Mun san wasu 'yan'uwa za su ce hikaya nishaɗi ce, mai karatu ba lacca ya zo saya ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a cika shafuka da sunayen magunguna ba. Ƙorafinmu na adabi ne tun kafin ya zama na tarbiyya. Haukan da ke faɗowa daga sama a babi na ƙarshe rauni ne a ginin labari, domin yana ƙwace zaɓi daga hannun taurari. Labari yana samun ƙarfi ne idan tauraro ya tsaya tsakanin hanyoyi biyu masu ɗaci, kowacce da hujjarta. Ku kwatanta kishiyar da ke yawo a bola da yarinyar da ta zauna gefen gado daren da za a kawo lefe, ta ce, "Gwaggo, in na gaya masa ina shan magani, kina ganin zai dawo?" Wace ce za ta hana mai karatu barci?

Ba kuma muna cewa dole kowane labari ya ƙare da aure ba. Saurayin da ya ji gaskiya ya auna ƙarfinsa ya janye cikin mutunci, ba tare da ya tallata sirrin yarinya a majalisa ba, shi ma tauraro ne. Matar da ta yi jinya iyakar ƙoƙarinta, ta ga rayuwarta ko ta 'ya'yanta na cikin haɗari ta nemi rabuwa, bai kamata alƙalaminmu ya tsine mata ba. Abin da muke nema shi ne a bar mara lafiyar ya zama mutum mai suna da sana'a da ra'ayi, a ji ta bakinsa a shawarar aurensa, a kuma nuna ranakun lafiyarsa, waɗanda a wurin da yawa daga masu shan magani sun fi ranakun ciwo yawa.

Kammalawa

Shawararmu ga matasan da ke shirin turo rubutu ita ce su yi bincike kafin su ɗauki alƙalami. Su tambayi ma'aikacin jinya yadda ciwon ke farawa da yadda yake lafawa, su tambayi malamin zaure abin da Risala ta ce, su saurari tsohuwar da ta yi jinyar ɗanta, tare da kiyaye sirrin mutane da sauya duk abin da zai sa a gane su. Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiya su sanya wannan jigo cikin gasar gajerun labarai ta gaba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar shawarar aure ita ce ranar wankan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya yi wa alƙalumanmu jagora, amin.