Jinjina ga nas-nas masu zurfin karatu a Amurka

A 1965 ne Loretta Ford, ma'aikaciyar jinya, da likitan yara Henry Silver suka buɗe kwas a Jami'ar Colorado don horar da nas-nas su duba yara a karkarar da likita ya yi ƙaranci. Wasu likitoci sun yi ta gunaguni, har da manyan nas-nas su kansu, abin mamaki. Yau sai mai digiri na biyu ke shiga wannan sahu, kuma tun 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar ke neman a kai sharaɗin zuwa digiri na uku.

Sannunku da ƙoƙari! Ku ke sauraron ƙirjin yaro mai tari, ku leƙa kunnensa, ku rubuta magani, a jihohi da dama ma ba sai likita ya sa hannu ba.