Chiwetel Ejiofor: Ɗan Wasan Da Shirunsa Ya Fi Maganarsa

Jama'a, duk wanda ya kalli 12 Years a Slave na 2013 ba zai manta da wurin nan ba. An rataye Solomon Northup a bishiya, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa taɓo, yara na wasa a bayansa kamar babu abin da ke faruwa. Bai ce uffan ba, amma wallahi kai da kake kallo sai ka ji igiyar a wuyanka. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Chiwetel Ejiofor, ɗan wasan Ingila da aka haifa a Landan a 1977, iyayensa Inyamurai ne daga Nijeriya.

Ni a ganina, ƙarfin mutumin nan yana cikin shirunsa, kuma a kan dandamali ya koyo shi. Yana matashi Steven Spielberg ya ɗauke shi a Amistad na 1997, amma bai saki wasan daɓe ba. A 2007 ya fito a matsayin Othello a Donmar Warehouse, ƙaramin zaure a Landan mai kujeru wajen 250, ya kuma ci kyautar Olivier a 2008. A wuri irin wannan 'yan kallo na jin numfashinka, ba ka da wurin ɓuya. Dole ido da kafaɗa su yi magana.

Amma fim ɗinsa da ya fi taɓa ni shi ne Dirty Pretty Things na 2002. Ya fito a matsayin Okwe, likita ɗan Nijeriya da ke zaune a Landan babu takardu. Da rana tuƙin tasi, da dare tsaron teburin baƙi a otel, har ya gano ana sayen ƙodar bakin haure da fasfo. Duba yadda yake tauna magana kafin ya furta, yadda yake sunkuyar da kai gaban wanda ya fi shi ilimi nesa ba kusa ba. Mu da muke zaman wannan unguwa ba sai an fassara mana ba. Mun san baƙon da ya haɗiye fushi saboda abincinsa.

To, ina matsalar? Idan aka cika masa baki da magana, hasken sai ya ragu. A Half of a Yellow Sun, wanda aka ɗauka a Kalaba, ya fito a matsayin Odenigbo, malamin jami'a mai yawan gardama. Ya yi ƙoƙari, amma ka ga ɗan wasa ne ke wasa. Haka a manyan finafinan Amurka irin su 2012 da Doctor Strange: kuɗi sun shigo, amma an sa gwanin goge yana kaɗa gwangwani. A talabijin kuwa, shirin BBC na Dancing on the Edge ya fi dacewa da shi, inda ya zama shugaban makaɗa baƙar fata a Landan ta shekarun 1930, ana yi masa tafi da dare, ana zarginsa da safe.

A 2019 ya ba da umarnin The Boy Who Harnessed the Wind, ya koyi harshen Chichewa na Malawi don ya fito a matsayin uba manomi da fari ya durƙusar. Nan ya koma gidansa na gaskiya.

Samarinmu masu haɗa wasan kwaikwayo da bidiyon waya, ku lura. Ihu da zare ido ba su ne iyawa ba. Ku nemi Dirty Pretty Things, ku kashe sautin na minti biyar, ku kalli fuskar Okwe kawai, sannan mu haɗu a majalisa mu yi gardama.